Garkuwar uwa, daga ɗaukar ciki zuwa dakashi

  Maganarmu ta yau a kan bisa mai ciki ce, saniya ko tunkiya ko akuya, da abin da ke tsaron ta a cikin jininta.

A jinin kowace bisa akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Su ne dogaran jiki. Duk baƙon da ya shigo, ƙwayar cuta ce ko tsutsa, su ke tare shi. To, ɗan da ke ciki rabinsa na bijimi ne, ke nan shi ma baƙo ne. Mi ya hana dogaran su far mashi? Da ciki ya kama, wani sinadari da ake ce ma progesteron yakan yawaita a jikin uwa, ya kwantar da dogaran da ke mahaifa, har waɗansu su koma masu taya ta riƙon ɗan. Haka za a zauna wata 9 ga saniya, wata 5 ga tunkiya da akuya.

In haihuwa ta matso, sai su tashi. Su ke taruwa a bakin mahaifa su tausasa shi ya buɗe. Bayan ɗa ya faɗo kuma, da taimakonsu ake kwance mabiyiya. Kun san ƙulle-ƙullen nan na jikinta masu kama da maɓalli? Nan ta ke manne da mahaifa, nan dogaran ke aiki har ta saki. Saniya lafiyayya takan yar da ita cikin awa 6 zuwa 8. In ta wuce awa 12 tana rataye, ku san da matsala. Don Allah kar a ja ta da ƙarfi, kar a ɗaura mata dutse. Sai dai mahaifa ta yage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. A kira ma'aikacin kiwo, balle in saniyar ta bar cin abinci, jikinta ya yi zafi ko tana wari.

Wajen sati 3 kafin haihuwa da sati 3 bayanta, garkuwar uwa takan yi rauni, ko da bisar ƙosassa ce. Lokacin ne ciwon hantsa da ruɓar mahaifa ke shiga, tsutsar ciki kuma ta yi ma tumaki da awaki yawa. Mu nan kuwa shanu da yawa a ƙarshen rani su ke haihuwa, sa'ad da daji ya ƙare, ba ɗanyen haki. Wanda duk ke da ɗan tanadin dusa, harawa, tunkuza ko ƴaƴan gawo, ya fara da masu tsohon ciki, ya sa masu dutsen lasa. Ni a ganina sun fi ragon layya cancanta.

Akwai wata allura mai suna deksametazon da ake saidawa a kasuwanni, wai maganin kasala. Tana kwantar da dogaran jiki, kuma in aka yi ma saniya mai tsohon ciki, tana iya sa ta haihu ba lokaci ba, mabiyiya ta maƙale. Ku kiyaye ta.

Sai dakashi, nonon farin nan mai kauri, rawaya. A nan ku buɗe kunne. Jaririn mutum tun yana ciki garkuwar uwa ke ratsawa ta same shi. Mahaifar saniya da tunkiya da akuya da raƙuma ba ta barin ta wuce. Maraƙi haka ya ke faɗowa, ba makami ko ɗaya. A makonnin ƙarshe na ciki uwa ke tara garkuwarta a hantsa, har da fararen ƙwayoyinta masu rai, ta miƙa ma ɗan a dakashi. Amma hanjin ɗan a buɗe ya ke na ɗan lokaci kawai. Awa 6 na farko sun fi, bayan kwana guda ƙofa ta rufe, kome ya sha abinci ne kurum. Ana son ya sha kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa tun a rabin yinin farko: maraƙi mai kilo 20, litar 2 ke nan. Masu tatse shi su zubar don wai yana sa zawo, rashinsa ne ke kawo zawon da ke kashewa. In ɗan bai iya tashi ba, a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan. In uwar ta mutu, a nemi wadda ta haihu ran nan. Na akuya na yi ma ɗan tunkiya.

Rigakafin da aka yi ma uwa ma ta nan ya ke isa ga ɗa. Sai dai in masu allura sun zo, ku nuna masu masu ciki, don ba kowace allura ta dace da su ba.

In kuwa bisa ta yi ɓari, kar a taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa leda, a binne da zurfi inda kare ba ya tonowa, a ware uwar, nononta kuma sai an tafasa. Cutar ɓari da Fulani ke kira bakkale tana kama mutum. Haka zazzaɓin Rift, wanda ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa a damanar 2016, ya zubar da cikin bisashe, ya kashe mutane. In ɓari ya yi yawa a garke cikin ƴan kwanaki, a gaggauta faɗa ma ma'aikatar kiwo mafi kusa.