Garmaho Ba Ya Son Girgiza

A ranar Arfa ta shekarar 1368 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da farkon watan Oktoba na 1949, aka fara jin muryar gidan rediyon ƙasar Sa'udiyya. Daga unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda muryar ta tashi, ƙarfin tashar kuwa bai wuce kilowat 3 ba, kuma an buɗe ta ne da jawabin Sarki Abdul'aziz na yi wa alhazai maraba, wanda ɗansa Yarima Faisal ya karanta. Hindawiyya ba baƙuwa ba ce a kunnen Hausawa, gama tana cikin unguwannin da mutanen Afirka ta Yamma suka zauna, suka hayayyafa, bayan sun sauke farali.

Wancan zamani kuwa zamanin faifan garmaho ne. Shekara guda kafin buɗe tashar, watau a 1948, kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai dogon zango wanda ke juyawa sau 33 da sulusi a minti guda, a 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyawa sau 45, alhali tsohon faifai mai juyawa sau 78 yana nan a hannun jama'a. Ma'aikacin rediyo na lokacin ya kan koyi taka ƙasa a hankali idan faifai yana juyawa. Dalilin wannan ladabi yana nan har yau.

Idan aka duba faifai da kyau za a ga siririn layi guda ɗaya ne ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Faɗinsa kamar na silin gashi ne, amma da za a warware na fuska ɗaya na babban faifai sai ya doshi rabin kilomita. A bangon wannan layi aka sassaƙa murya, wasu lanƙwashe-lanƙwashen ma ba su kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Aikin allura shi ne ta bi layin tana rawa, a mai da rawar ta zama lantarki, a ƙara mata ƙarfi, ta fito ta lasifika. To, ga inda gizo ke saƙa: allura ba ta rarrabe rawar da mawaƙi ya bari a faifai da rawar da tebur ya kawo mata. Duk abin da ya motsa ta, murya ne a wurinta. Allurar ƙarfe ta tsohon garmaho mai wani da hannu ta kan danne faifai da nauyin fiye da giram 100, ta zamani kuwa giram 2 ne ko ƙasa da haka, don haka taku ɗaya mai nauyi ya isa ya sa ta yi tsalle. Bugu da ƙari, bisa ƙa'idar da kamfanonin Amurka suka amince da ita a 1954, a kan rage amo mai kauri wajen yanka faifai, sa'an nan a ninka shi har kusan sau 10 wajen sauraro. Gurnanin mota da ya shigo ta ƙafar tebur shi ma sai ya sami wannan ninki.

Ta ƙofa uku girgiza ke shigowa. Ta farko ita ce daɓen ɗaki, wanda ke ɗauko takun mutane, da wucewar manyan motoci, da rurin janareta ko na'urar sanyaya ɗaki. Ta biyu ita ce iska. Amon lasifika ya kan bugi faifai, allura ta ɗauke shi ta mayar wa lasifika, lasifika ta sake bugowa, har abin ya zama gunji marar daɗin ji. Ta uku kuwa ɓarawon cikin gida ne, watau injin da ke juya farantin kansa.

Maganin abin ba sabon ilmi ba ne ga wanda ya taɓa ganin mace ta ɗauko tulu daga rafi. Tulu yana da nauyi, gammo yana da taushi, shi ya sa motsin taku ba ya isa ga ruwa da dukan ƙarfinsa. Haka masana suka ce: a ɗora abu mai nauyi a kan abu mai taushi. Sai dai akwai sharaɗi. Kowane nauyi da aka ɗora a kan sifirin yana da saurin lilo nasa na kansa, kuma girgizar da ta fi wannan lilo sauri sosai ita kaɗai yake tarewa. Wadda ta zo daidai da shi ƙara mata ƙarfi yake yi. Hannun da ke riƙe allura shi ma yana da nasa lilon, wanda a kan so ya tsaya tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Saboda haka wajibi ne lilon mazaunin ya kasance ƙasa da wannan, kamar sau 3 ko 4, don kada su haɗu su yi ta zuga juna.

A kan wannan hikima Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research ya gina garmahonsa a 1961. Ya haɗa faranti da hannun allura a kan ƙarfe guda, ya ɗora su a kan sifirin uku, ya bar injin a jikin akwati, ɗamarar roba kaɗai ke sada su. Kamfanin Thorens na Suwizalan da kamfanin Linn na Glasgow sun bi wannan sawu daga baya. Magina ma sun ɗauki darasin: babban zauren kiɗa na Bridgewater da aka buɗe a Manchester a 1996, ɗungurungum ɗinsa yana zaune ne a kan sifirin wajen 280, don kada gurnanin titi ya shiga.

Mai garmaho a gida ba sai ya kashe dukiya ba. Da fari ya ajiye kwano da ruwa a inda garmaho ke zama, ya yi tafiya a ɗakin, ya ƙara muryar lasifika; idan fuskar ruwan ta yi rawa, allura ma tana yi. Kada lasifika ta zauna a tebur ɗaya da garmaho. Kantar da aka kafe a jikin bangon siminti ta fi tebur da ke tsaye a kan daɓen katako. Idan ba ta samu ba, sai a cika akwati da busasshen yashi a shimfiɗa katako a kansa, ko a sa tif ɗin keke da ɗan iska kaɗan a ƙarƙashin falalen dutse. Amma garmahon da aka ƙera da sifirin a cikinsa mazauni mai ƙarfi yake so, domin taushi a kan taushi lilo biyu ne. A ƙarshe a tabbata farantin bai karkata ba, in ba haka ba allura za ta riƙa cin bango ɗaya na layin.

A 2022 hukumomin Jidda sun rushe tsofaffin unguwanni da dama don sake fasalin birnin, Hindawiyya tana cikinsu, mazaunanta kuma suka watsu. Ƙaura ita ke tono abin da aka manta a ƙarƙashin gado. Wanda ya tarar da faya-fayen mahaifinsa a irin wannan rana, ko na Alhaji Mamman Shata ne, ko na Ɗan Maraya Jos, ko karatun wani alaramma, mai yiwuwa abin da ke hannunsa ba shi da na biyu a kusa. Duk tsallen da allura ta yi tana iya barin tabon da ba ya gogewa. Idan kuma aka kwafe muryar zuwa kwamfuta alhali tebur yana rawa, gurnanin motar da ta wuce a wannan minti zai zauna tare da muryar mawaƙin, jikoki su gaje shi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Kafin a sauke allura a kan irin wannan faifai, a fara duba ruwan da ke cikin kwano, a jira ya kwanta.