Tsohuwar kwamfuta: gyara ko sauyi?



Yau maganarmu kan tsohuwar kwamfuta ce. A sabunta mata manhaja, ko a sayi wata?

Ga dalilin tambayar. Tun watan Oktoba na 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta. Kwamfutar ba ta mutu ba. Tana aiki. Amma gyaran tsaro ya tsaya, ɓarayin intanet kuwa ba su tsaya ba.

Ga shawarwari uku. Na farko, kai ta wurin mai gyara a Zinder, ya duba ko za ta ɗauki Windows 11. In za ta ɗauka, a sabunta.

Na biyu, in ba za ta ɗauka ba, kada a jefar. Akwai Linux a madadin Windows, kyauta yake, kuma yana tafiya da tsofaffin injuna. Ya isa rubuta takardu da lissafin shago.

Na uku, in batiri ya mutu, allo ya fashe, zafi yana kashe ta, to kuɗin gyara asara ne. A sayi wata.

Amma kafin komai, jama'a, ku kwashe takardunku zuwa wani wuri. Ku kwashe su tukuna. Mu kwana lafiya.