Wayar Da Ke Hannunka Amana Ce

(Jawabi ga matasa a Kawo, Kaduna, kan gwajin nukiliya da girgizar ƙasa.)



Bari mu fara da tarihi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko. A ina? Ba ta kai shi Paris ba, Reggane ta kawo shi, cikin Saharar Aljeriya, arewa da mu. Ƙarfinsa ya fi ninki huɗu na wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima. Zuwa 1966 sun yi gwaji 17 a can, 4 a sarari, 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker. Iyayenmu ba su da Facebook, amma sun ji tsoron hazo ya kwaso musu gubar, suka yi magana. A Janairu 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas.

To, mu da muke da waya, me muke yi da ita? A 2014 saƙo ya zaga wai ruwan gishiri na maganin Ebola, mutane suka yi ta sha, wasu sai asibiti. Wa ya yaɗa? Irinmu ne.

Gwajin nukiliya na girgiza ƙasa, gaskiya ne. Na Koriya ta Arewa a 2017 ya kai maki 6.3. Amma ba kowace girgiza ce bam ba. Wadda ta tsattsaga gidaje a Kwoi, cikin jiharmu, a Satumba 2016, motsin ƙasa ne. Na'urori suna bambancewa: bam yana tura ƙasa ta ko'ina a lokaci guda, girgiza kuwa duwatsun ƙarƙashi ne ke zamewa. Akwai cibiyar wannan awo a Toro, jihar Bauchi.

Saboda haka aikinku biyu ne. Ku yaɗa labarin Reggane da Hausa, da shekara da adadi, har ɗan acaɓa na Rigasa ya sani. Sannan kafin ka tura saƙo, tambayi kanka: wa ya faɗa? Yaushe? In ba amsa, bar shi ya mutu a wayarka. Ranar da aka kama ka da ƙarya ɗaya, gaskiyarka goma ta faɗi.

Allah Ya kare mu.