Kafso Ba Na Kowane Ciwo Ba Ne: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Asalin Madobi

 

Batun da zan ja hankalinku a kai shi ne yadda muke ɗura wa yaranmu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su Ampiclox da Septrin da Flagyl, ba tare da likita ya duba su ba. Yaro na yin atishawa, sai a ruga kemis a sayo kafso biyu ko uku, gwargwadon kuɗin da ke hannu.

Waɗannan magunguna galibi ƙwayar bakteriya suke kashewa. Mura da yawancin gudawar yara kuwa ƙwayar bairas ce ke kawo su, kafso ba ya taɓa ta. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maganin gudawar yara shi ne ruwan gishiri da sukari tare da zink. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, waɗanda suka yi katutu a yankunan noman rani irin su Kura da Bunkure, kowanne da maganinsa na daban.

Manomanmu ba su manta tsutsar da ta cinye tumatirin Kadawa a 2016 ba, aka yi ta feshi ta ƙi mutuwa. Haka ƙwayar cuta take: idan ana ba ta magani ba kan ƙa'ida ba, sai ta saba da shi ta bijire. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda wannan bijirewa, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Wasu ƙasashe sun farga. Faransa ta kasance cikin na gaba a Turai wajen shan waɗannan magunguna. A 2002 ta fara gangamin wayar da kan iyaye da likitoci, cikin shekara biyar rubuta su ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, raguwar kuma ta fi yawa a tsakanin yara. Nijeriya ma ta fitar da nata tsarin a 2017, amma tsari ba ya aiki sai jama'a sun ɗauka.

Ba cewa nake yi a guji magani ba. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko ƙirjinsa ke lotsawa, yana iya zama limoniya ce, a gaggauta kai shi asibiti. Idan an rubuta magani, a sha yadda aka ce.

Ku da ke birane, ku ake bugo wa waya idan yaro ba lafiya. Don Allah kada ku aiko da sunan magani ko ragowar na 'ya'yanku. Ku aiko da kuɗin mota da na gwaji, sa'annan ku tambaya: wa ya duba shi, me aka gano? Ina kuma roƙon ƙungiya ta zauna da masu kemis na garinmu a kan wannan batu.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi.