Tarihin Damagaram da ke cikin adakar kakanninmu



In aka ce tarihin Damagaram, kowa sarakuna yake tunawa. Tanimun ɗan Sulaiman da ya gina ganuwar Birni ya ƙera igwa, ya rasu a 1884. Amadu Kuran Daga da ya gwabza da Faransawa a Tirmini a 1899. To ina talakan da ya ɗauki ƙasar ginin ganuwar? Ina bafataken Zango?

Suna cikin takardun gado. Bara da muka buɗe adakar kakana, mun tarar da takardar rabon gadon mahaifinsa, rubutun alƙali da Larabci, gara ta cinye gefe guda. An lissafa gona, jakuna biyu, riguna, bashin da aka biya kafin rabo, da tumunin matarsa. Wallahi, a nan na fara jin sunan wannan baiwar Allah! Waƙar makaɗan fada ba ta ambace ta ba, takarda ce ta riƙe ta.

Kuma wannan takardar ce ta kashe rigimar gona da ta kusa raba zumuncinmu, don ta faɗi iyaka da sunayen shaidu.

Roƙona ɗaya ne. Ku koma gida ku tambayi tsofaffi cikin ladabi. Ku ɗauki hoton kowace takarda da salularku, ku kai wa malami ya karanta muku, ku rubuta abin da ya ce. Takardar kuma ku mayar wa masu ita, nesa da danshi. Gara ba ta jiran mu shirya.