Filash Ɗan Aike Ne, Ba Rumbu Ba

Shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu da suka daure suka fito duk da zafin ranar nan, ƙannena ɗalibai, da ku masu shagunan buga takardu na Tudun Fulani da Bosso, ina yi muku gaisuwar ban girma.

An ce in yi magana a kan filash, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi fayil. Unguwarmu na maƙwabtaka da harabar Bosso ta Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ɗalibai da dama kuma a cikinmu suke haya. Kundin kammala karatunsu, takardar neman aiki, hoton fasfo, sakamakon NECO da aka yi wa sikanin, duk a filash suke yawo daga ɗaki zuwa shago, daga shago zuwa ofishin malami. Abin da aka ɗora wa gumin shekara biyar ya cancanci a zauna a kansa. Maganata ɗaya ce a yau: filash ɗan aike ne, ba rumbu ba ne. Aikinsa ya ɗauko saƙo nan ya kai can. Wanda ya mai da shi wurin ajiyarsa tilo ya ɗora masa nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Wani injiniya Bajapane, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro irin wannan ma'adanar a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Kafar USB ta fito a 1996, sai a 2000 aka fara sayar da filash a kasuwa. Wanda IBM ya fitar a lokacin megabait 8 kawai yake ɗauka, amma ya ninka faifan fulofi fiye da sau biyar, tunda shi fulofi megabait 1.44 ne iyakarsa. A cikin filash babu abin da ke juyawa. Ɗakuna ne ƙanana ƙwarai da ake tsare ɗan cajin lantarki a cikinsu, shi ne rubutun naka. Cajin nan yana zurarewa a hankali idan an daɗe, zafi kuma yana ƙara masa sauri, ga shi kowane ɗaki yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai jure. Ku tuna zafin Minna a watan Maris, sannan ku tuna filashin da aka manta a gaban mota ko a aljihun Keke Napep.

Idan ka soka filash, kwamfuta mai Windows takan ba shi harafi, D ko E ko F, ka gan shi a jerin ma'adanai. In bai fito ba, kada ka yi ta murɗa shi. Canza kafa tukuna, in akwai kafofin baya na babbar kwamfuta sun fi na gaba aminci, ko ka gwada wata na'urar. In kuma saƙo ya faɗo cewa sai an yi fomatin kafin a buɗe, to dakata. Sau da yawa fayilolin suna nan, teburin da ke nuna wurin kowannensu ne ya lalace, kuma manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan tsamo su, muddin ba a rubuta sabon abu a kai ba.

Me ke lalata teburin? Galibi fizge filash ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wuta. Jiharmu ce mai madatsun lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, amma kowa a nan ya san wuta na iya tafiya a tsakiyar aiki, kwamfutar tebur kuma ba ta da batir. Shi ya sa nake roƙon ɗalibai su daina buɗe kundinsu kai tsaye daga cikin filash suna gyara. Kwafe shi zuwa kwamfutar, yi aikinka, in ka gama ka mayar. Kafin ka zare, danna alamar cire filash da ke ƙasan allo ta hannun dama, ka jira a ce maka an sallame shi. Gaskiya ne daga bugun 1809 na Windows 10 an sauƙaƙa wannan ƙa'ida, amma kwamfutocin shagunanmu da yawa tsofaffi ne, jiran daƙiƙa biyar kuwa bai taɓa cutar da kowa ba.

Yanzu ga abin da ya fi sa ɗalibai kuka. Yarinya ta zo buga kundinta, gobe za ta kare shi gaban malamai. Mai shago ya soka filash, aka buɗe, sai ga foldoji duk suna nan da sunayensu, amma kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, in an danna ba abin da ke fitowa. Ta dafe kai. Mai shago ya ce, "Hajiya, bairos ya cinye, sai dai fomatin." Wallahi ba a cinye ba. Wannan bairos ɓoye foldojin gaskiya yake yi, ya jera na bogi a madadinsu, domin duk wanda ya danna ya sake kunna shi a sabuwar kwamfuta. Dubi ma'aunin filashin, za ka ga har yanzu yana nuna akwai kaya a ciki. Maganinsa a kai shi kwamfuta mai tsabta, a bar manhajar kariya ta share bairos ɗin, sannan a buɗe baƙin allon umarni a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filashin. Foldojin za su dawo. Duk mai shago a wannan zauren ya kamata ya rubuta layin nan ya manna a bango. Kada ku raina cutar da ke bin filash. A 2010 duniya ta ji labarin Stuxnet, wanda ya lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, wurin da ba a haɗa da intanet ba, masana kuma sun nuna ta kafar USB yake yaɗuwa.

Sai jabu. Za a miƙo maka filash an rubuta gigabait 64 a jikinsa, farashinsa kuwa bai kai na mai 16 ba. Kwamfuta ma za ta yarda, don an koya wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya. Yana cika ainihin cikinsa, sai ya riƙa karɓar sabon fayil yana zubarwa ko yana take tsohon, sunaye suna nan, ciki babu komai. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika filash da rubutu ta karanta ta faɗa maka gaskiyarsa. Gwada shi ranar da ka saya. Amma kada ka tuhumi ɗan kasuwa don mai 64 ya nuna ƙasa da 60 kaɗan, wannan bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows. Haka nan in filash ya ƙi karɓar bidiyon biki alhali da sauran wuri, tsarin FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Kwashe kayanka, ka mayar da shi exFAT.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. A watan Yunin 2022, a birnin Amagasaki na Japan, wani ma'aikacin kwangila ya ɓatar da jaka da filash mai ɗauke da bayanan mazauna birnin kimanin 460,000, har hukumomi suka fito suka nemi gafarar jama'a. Mu fa? Filashin mai shago ɗaya a nan yana iya ƙunsar lambar NIN da hoto da takardar haihuwar ɗaruruwan 'ya'yan mutane, ana kuma ba da shi aro ga mai son a tura masa fim. Ku sani, fomatin na gaggawa ba ya goge ainihin fayilolin, manhajar da ke tsamo fayilolin da suka ɓace ita ce za ta tono hotunan matarka a hannun wanda ka ara wa. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka, addini da tarbiyya sun hana mu tozarta sirrin wanda ya amince mana. Filashin da ke ɗauke da irin wannan kaya a kulle shi da kalmar sirri, BitLocker yana yin haka a manyan bugun Windows, kuma a ware shi daban da na fim da waƙa.

Ƙannena ɗalibai, abin da aka goge daga filash ba ya shiga kwandon sharar kwamfuta, don haka ku duba sau biyu kafin ku danna. Kundinku ya zauna a wuri uku: a kwamfuta, a filash, da kuma imel ɗinku ko Google Drive, inda ake ba kowa gigabait 15 kyauta. Duk daren da kuka ƙara babi, ku tura wa kanku, ku sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna, ku ware tsohuwar kwamfuta ɗaya ta zama ta karɓar filashin baƙi kaɗai, da manhajar kariya da ake sabuntawa, sannan kowace yamma kafin rufe shago ku goge takardun mutanen da aka gama bugawa.

Shugaba, in akwai masu tambaya, a shirye nake.