Ƙaramin Littafi Ma Abin Kai Wa Kasuwa Ne

Yau za mu yi magana a kan wata 'yar sana'a wadda mutum zai iya yi a ɗakinsa, bayan ya taso daga gona ko kasuwa. Sana'ar ita ce rubuta ƙaramin littafi da sayar da shi.

Wani zai ce, "Ni da na koyi baƙaƙe bara, ina ni ina rubuta littafi?" To, ku saurara. A 1933 aka yi gasar rubuta labari da Hausa. Malam Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin, ya rubuta Ruwan Bagaja. Shi kam malami ne. Amma ku dubi Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya. Daga baya ta shiga ajin manya irin naku. Ta rubuta littattafai da dama, har aka juya Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci a 2012. A zamanin da ta fara, marubutan Kano da yawa ba su jira wani kamfani ba. Su ke biyan mai injin bugawa da kuɗinsu, su kai kasuwa da kansu.

Me za ku rubuta? Abin da kuka sani, wanda maƙwabcinku yake bukata. Mai noman rani a bakin dam ɗin Zobe ya san lokacin dashen albasa da tumatir. Mai kiwo ya san yadda ake turke rago har ya yi ƙiba kafin Babbar Salla. Tsohuwa tana da tatsuniyoyin da jikoki ba su ji ba. Kada ku kwashe littafin wani ku sa sunanku. Wannan sata ce.

Yanzu sai aikin. Ku ɗauki farar takarda guda ku ninka ta biyu, ta ba ku shafi 4. Takarda 4 ta ba ku shafi 16. Wannan ya isa littafin farko. Ku rubuta da hannu, ku kai wa malamin aji ya duba. Sa'an nan ku karanta wa mutum uku a zaure. Inda suka ce, "Me ka ce?" nan ne za a gyara.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Isa Kaita, masu kwamfuta da fotokwafi ba su da wuyar samu a garin. Amma ku tsaya a kan mai bugawa ya sa ƙ da ɗ da ɓ inda suka kamata. In ya bar lanƙwasa, "baƙi" ya zama "baki", "ƙafa" ta zama "kafa", mai karatu ya rikice. Ayar Alƙur'ani kuwa, kada ku sa ta sai malami ya duba, don kun san takarda takan ƙare a hannun mai ƙosai.

Ga inda mutane suka fi faɗuwa. Mai bugawa zai ce muku in kun buga 1,000 kowane ɗaya ya fi araha. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi zai sayar ba. A 1954 Gwamnatin Arewa ta kafa hukumar NORLA a Zariya don buga wa 'yan Yaƙi da Jahilci abin karatu. Ita ce ta riƙa buga jaridar Himma ta Lardin Katsina. Ga ma'aikata, ga Gwamnati a bayanta, duk da haka abin da take kashewa ya fi abin da take samu, aka rufe ta a 1959. In haka ta faru ga hukuma, ina ga wanda ya sayar da buhun geronsa ya buga littafi?

Saboda haka ku fara da guda 30 ko 50. Ku haɗa kuɗin takarda, da na bugawa, da na mota daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma da komowa, ku raba da yawan littattafan. Abin da ya fita shi ne uwar kuɗin kowane ɗaya. Ku ɗora riba kaɗan, kada ta kori mai saye. In sun ƙare, da kuɗinsu za ku buga na biyu. Ba a taɓa rumbu don wannan.

Ku yi rubutun da rani, ku fitar da littafin da kaka, lokacin da manomi yake da kuɗi a aljihu. Ku kai ran kasuwa, ku karanta shafin farko da ƙarfi, mutane za su tsaya. Matan da ba su fita suna iya sayarwa a gidan biki ko a makarantar Islamiyya. In kun bar wa mai tireda guda 10, ku rubuta ranar da yawan a littafin lissafi, shi ma ya sa hannu.

A zama mai zuwa kowa ya zo da takarda 4 a ninke, da sunan littafinsa a shafin farko.